Kukan Takalmin Efraín

Lahadi, 3 ga Satumba

An sa rana. Asabar, ashirin da ɗaya ga Oktoba, Ximena za ta yi aure. Don zumuɗi, rubutun nan ko ni sai na ƙura ido zan karanta shi gobe. Ita da angonta Wilmer suka zo da rana da ƙunshin empanada, fanken nan mai nama a ciki, suka zauna tsuru-tsuru kamar yaran da suka fasa faranti, sannan ta faɗa. 'Yata tilo. Na yi kuka, na yi dariya, na bar kofi ya ƙone a kan wuta.

Abin da ya hana ni zama wuri ɗaya kuwa shi ne, ta ce ba ta son mawaƙan coci a lokacin shigarta. Ta ce, "Mama, ke za ki kaɗa mini piyano in shiga. Mai sanyin nan da kike kaɗa mini ina ƙarama in zazzaɓi ya kama ni." Na ce mata sai na duba ko ina da sarari. Ina faɗa ina jin yatsuna sun riga sun fara kaɗa shi a kan cinyata.

Sai Efraín ya yi gyaran murya daga kujerarsa, ya ce shi kuma da ƙafarsa zai kai ta gaban Fada, limamin coci. Mijina ya daɗe da ciwon karkarwa, kuma yanzu ba rawar hannun ce ta fi damunsa ba, ƙafar ce. Yana cikin tafiya sai ta manne da ƙasa kamar an zuba mata gam, balle a bakin ƙofa. Ximena ta lallaɓa ta ce ai akwai kujera mai taya, za a yi mata ado da furanni, ita da kanta za ta tura shi. Ya dube ta ya ce, "Ni ba buhun dankali ba ne, 'yata. Uba ke kai 'ya."

Na tashi na kwashe kofuna. Amma gabana ya faɗi.

Talata, 5 ga Satumba

Na zaƙulo takardar kiɗan daga ƙasan akwati. Duk ta yi ja, gefenta cike da zanen fensir na tun ina ɗaliba. Na kaɗa shi da yamma ƙofa a buɗe, har matar da ke sayar da furanni a ƙetaren titi ta tsaya da bokiti a hannu. Ba yabon kai ba ne, amma a garin Popayán kaf babu wanda yake kaɗa kiɗa mai tafiya a hankali kamar ni. Akwai wani wuri da muryar kiɗan ke hawa sama, ta hau, ta hau, sai in riƙe ta a can in ƙi saki har sai na ji mutane sun daina numfashi. Nan ne wurina.

Yaya Tulia ta zo, ta riga ta fara rigimar kalar rigar da za ta sa. Ba ita ce amaryar ba, amma je ka gaya mata.

Alhamis, 7 ga Satumba

Yau na ga abin mamaki da idona.

Na raka Efraín wurin Yesenia, likitar motsa jikin da take duba shi. Da ta ji maganar biki sai ta ciro waya, ta kunna wani ƙwas, ƙwas, ƙwas, ta ce ya ɗora ƙafa a kan kowane bugu. Mutumin da in zai fita banɗaki sai na tsaya ina lallashin ƙafarsa, sai ga shi ya miƙe baranda tun daga farko har ƙarshe, kai a sama, ya juyo yana yi mini kallon kin gani. Ta ce agogon cikin jikinsa ne ya lalace, amma in aka ara masa bugu daga waje, ƙafa tana bi. Sharaɗin kawai kada bugun ya canza.

Ta tambaya ko muna da na'urar ƙirga bugu a gida, tunda ni malamar piyano ce. Ina da ita. Tana cikin aljihun tebur ƙarƙashin mayafan cin abinci, inda ta dace. Ɗan sanda nake kiranta. Kullum ina gaya wa ɗalibaina cewa zuciya ba ta ɗaura agogo.

A mota muna dawowa kamar in yi tsalle. In ƙwas-ƙwas na waya ya iya tafiyar da shi, ina ga kiɗana? Zai shiga cocin nan kamar saurayi. Na saya masa burodin pandebono mai zafi don murna, ya cinye uku kafin mu iso gida.

Litinin, 11 ga Satumba

Gwajin farko. Piyano yana falo, ƙofar falo tana kallon doguwar barandar tsakar gida, ita muka mayar hanyar coci. Ni na fara, shi ya taso daga bakin kicin riƙe da hannun tsintsiya a madadin amarya. Da farko lafiya lau, har yana gaisa da baƙin da babu su dama da hagu. Sai muka zo wurina, na hau sama na riƙe, na lumshe ido. Da na buɗe sai na gan shi a sandare kusa da tukunyar fure, gwiwoyi na rawa, ƙafa ta ƙi ɗaguwa.

Tukunyar ce. Ta matse hanya. Na sa an janye ta.

Laraba, 13 ga Satumba

An janye tukunya, ya sake tsayawa a daidai wurin. Muka sake, ya sake.

Yaya Tulia na zaune tana ɓare wake, ba wanda ya tambaye ta. Ta ce, "Ofelia, tukunya dai ta tafi, ke ce kika rage." Wai ina jan kiɗa kamar cukun da ya narke a cikin kofin cakulan, a ɗaga cokali ya yi ta miƙewa ya ƙi tsinkewa. Wai bawan Allah ya ɗaga ƙafa yana jiran inda zai ajiye ta, ni kuwa ina can sama ina hira da mala'iku.

Matar da ko waƙar zagayowar haihuwa ba ta iya rerawa daidai ba.

Alhamis, 14 ga Satumba

Ban kira Yaya Tulia ba yau. Ita ma ba ta kira ba.

Asabar, 16 ga Satumba

Na ciro ɗan sanda. Don in rufe bakin mutane ne kawai.

Na ɗaura shi a kan piyano, na saita shi a saurin da Yesenia ta ce, na bi shi sau da ƙafa. Allah ya sani ban taɓa jin kiɗa ya fito daga hannuna da muni irin na yau ba. Kowane sauti ya zo a kan lokaci, ya tsaya ƙiƙam, ya wuce. Wurina ma na bi ta kansa kamar mai wuce gidan da ba ta san kowa ba.

Efraín kuwa ya taho tiryan-tiryan har bakin falo bai tsaya ba. Ya jingina tsintsiya, ya share goshi, ya ce, "To, mun iso maƙabarta lafiya. Wa ya rasu?"

Na ce ai abin da ake so ke nan, ya yi tafiya. Ya ce in haka za a kaɗa gara a kunna wayar Yesenia a lasifika, ko ba komai ita ba ta san abin da ta rasa ba. Ya ce Ximena kiɗan uwarta ta roƙa.

Ga shi nan dai. In na kaɗa da zuciya ya tsaya, in na kaɗa da agogo ya tafi amma babu kiɗa. Duk da haka wani abu na tsalle a cikina, don ya yi tafiyar. Na gani.

Juma'a, 22 ga Satumba

Dabarar Wilmer: a sa wa Baba ƙaramin abin ji a kunne ɗaya mai ƙwas-ƙwas, ni kuma in kaɗa yadda na ga dama. Yaron kirki ne, har da zanen yadda za a ɓoye wayar a aljihun kwat. Muka gwada. Kunne ɗaya na ce masa taho, ɗaya na ce masa dakata. Ya yi tangal-tangal, ba don Wilmer ya tare shi ba da ya kifa a kan dutsen tsakar gida.

Ximena ta ja ni kicin, idonta ya yi ja. Ta ce ba za ta iya ganin ubanta ya faɗi a gaban jama'a ranar aurenta ba. Ta ce ranar Laraba ta ƙarshe kafin biki akwai gwaji a coci, in bai yi ba ranar, kujera za a kawo, kuma ni zan gaya masa.

Ya ji mu. Gidan nan bango ba ya riƙe magana. Da muka fito yana zaune yana kallon hannuwansa, bai yi wasa ko ɗaya ba har muka ci abinci.

Lahadi, 24 ga Satumba

Ya matsa sai an kai shi sayen takalmin biki. Baƙi, mai sheƙi, kuma na hagun kuka yake yi. Kowane taku sai ya ce ƙiiƙ, kamar an taka ɓera. Na ce a mayar. Ya ce ina, ko ba komai za a san uban amarya ya iso. Mai shagon ya ce zai daina in ya saba da ƙafa. Efraín ya sa shi tun a shago, haka muka ratso dandali tantabaru na watsewa.

Laraba, 27 ga Satumba

Na samo! Ina wanke kofuna abin ya faɗo mini, har na bar famfo a buɗe.

Shekara nawa ina raka mawaƙa da piyano? Na raka masu gudu, na raka masu jan ƙafa, na raka tsohuwar nan da take shaƙar numfashi a tsakiyar kalma. Ba wanda ya taɓa kuɓuce mini. Ido nake zuba wa mutum, in ya yi sauri in bi shi, in ya yi jinkiri in jira shi, har ya zaci shi ne gwani. To me zai hana in yi wa mijina haka? Shi ne mawaƙin, ƙafarsa ce murya. Zan kalli ƙafar, duk inda ta sauka nan bugu zai sauka.

Na kira maƙwabta biyu suka juya mini piyano ya fuskanci baranda sosai. Na kira Yaya Tulia ma na gaya mata, don ta san ba a gama da ni ba. Ta ce Allah ya ba da sa'a, da wata irin murya.

Gobe. Na ƙagu.

Alhamis, 28 ga Satumba

Ban san ta inda zan fara ba.

Ya taso, idona a kan takalminsa. Ya ɗan rage sauri, na rage. Da ya ji na rage sai ya ƙara ragewa, ni ma na ƙara. Ya ɗaga ƙafa yana jiran sautina, ni na ɗaga hannu ina jiran ƙafarsa. Haka muka tsaya, shi ƙafa a sama, ni hannu a sama, gida ya yi tsit sai tsiyayar famfo. Muka kalli juna. Ya fashe da dariya har sai da na kawo masa kujera, yana share hawaye yana cewa tsofaffi biyu sun tsaya a bakin ƙofa kowa na cewa bismillah, wuce.

Da dariyar ta lafa sai ya dafa kafaɗarsa ta dama, inda ƙullutun nan yake har yau. Shekarun da ya yi yana cikin masu ɗaukar mutum-mutumin tsarkaka a zagayen da coci ke yi cikin gari a Mako Mai Tsarki ne suka bar masa shi, kuma ya fi alfahari da shi a kan kantin maganin da ya riƙe duk rayuwarsa. Ya tuna mini cewa shi a baya yake ɗauka, ba ya ganin hanya, katakon da ke kafaɗarsa ne ke gaya masa tafiyar na gaba. Ya ce akwai shekarar da ƙafarsa ta gurɗe a tsakiyar zagaye, kuma abin da ya kai shi gida shi ne na gabansa bai sani ba. Da ya sani da ya tausaya masa ya rage tafiya, da nauyin duka ya dawo kansa.

Sai ya ce, "Ki daina kallona, Tsohuwa. Ke ce ta gaba. In kika jira ni, faɗuwa zan yi."

Na ce ai don shi nake yi. Ya ce ya sani. Ya ce tun da ciwon nan ya zo nake jiransa, a bakin ƙofa, a kan tebur, a tsakiyar magana in ƙarasa masa, maɓallin riga ma kafin ya laluba na riga na ɓalla. Ya ce idona nauyi gare shi.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na rufe piyano da ƙarfi na tafi na goge kayan da na riga na goge.

Lahadi, 1 ga Oktoba

Maƙwabta sun sake juya piyano. Yanzu bayana ne ke kallon baranda. Ɗayansu ya tambaya ko a sa masa taya gaba ɗaya.

Talata, 3 ga Oktoba

Hannun hagu kaɗai, tun safe. Ni da ɗan sanda. Abin da nake sa yara 'yan shekara takwas su yi suna kumbura baki.

Abin kunya, ban taɓa sauraron hannun hagun kiɗan nan ba. Ina ɗaukarsa kamar ɗan aike, ya jira in dama ta tsaya, ya ruga in ta ruga. Ashe shi ma yana da tasa maganar. Ƙasa, sama, sama. Ƙasa, sama, sama. Tafiya ce ta mutum mai natsuwa da ya san inda za shi. Can da rana na kashe ɗan sanda na ci gaba, na sake kunna shi, sai na tarar muna tare. Na yi masa gwalo.

Alhamis, 5 ga Oktoba

Na haɗa hannu biyu, ya rushe. Da dama ta fara hawa sai hagu ya tsaya yana kallonta baki buɗe. Tsohon hali.

Efraín bai yi gwaji ba yau, jikin babu daɗi. Na ji shi yana fama da maɓallin riga a ɗaki. Na kai bakin ƙofa, na dawo.

Asabar, 7 ga Oktoba

Yau kam, yau!

Na je kasuwa da Yaya Tulia, tana ba ni labarin rigimarta da mai ɗinki. Ta ɗaga murya, ta yi ƙasa da ita, ta ja wata kalma, ta yi tsaki, har ta dafe ƙirji, amma ƙafafunta ko sau ɗaya ba su canza tafiya ba. Ina biye da ita ina kallon dugaduganta. Na bar ta da kwandon a bakin ƙofa na ruga piyano ko mayafi ban cire ba.

Hagu ƙafa ce, dama baki. Dama tana iya makara kaɗan, kamar ƙiftawar ido, ko ta riga hagu kaɗan, muddin hagu ya sauka inda zai sauka. Da na zo wurina kuwa, maimakon in riƙe sautin saman in tsayar da duniya, sai na taɓa shi a hankali, can ƙasa-ƙasa, kamar mai faɗin abin da ba ta so a ji, hagu na ci gaba da tafiyarsa a ƙarƙashi. Ya fi na da ciwo. Da in na riƙe shi, cewa nake yi ku dube ni. Yanzu yana wucewa ne ba ya tsayawa, kuma wucewar ce take taɓa mutum.

Na kaɗa shi har tumatir ya yi laushi a kwando. Yaya Tulia ta ce wannan wane sabon hauka ne. Ban gaya mata daga ƙafarta na samo ba, sai ta ɗora mini haraji.

Litinin, 9 ga Oktoba

Ya iso. Ya iso har falo, da kiɗa na gaske, ba na maƙabarta ba.

Ban gani ba, bayana na ba shi. Takalmin ne ya gaya mini. Ƙiiƙ, shiru, ƙiiƙ, shiru, yana faɗowa daidai kan hannun haguna, yana matsowa. Wuyana har ciwo yake don son waiwaye. A wurina na yi ƙasa da sauti, na ji ƙiiƙ ya wuce ta ciki ko gezau. Sai jin hannun tsintsiya na yi a kafaɗata, ya ce, "Ga amaryarki, a ba ni tukwici."

Na kafa doka a gidan nan: kada wanda ya taɓa takalmin nan.

Juma'a, 13 ga Oktoba

Wata rana ya yi, wata rana ya tsaya. Jiya ya manne a tsakiya, na ji kukan takalmi ya ɗauke, hannuna ya so ya mutu. Na cije na ci gaba. Can sai ƙiiƙ ya dawo da kansa ya hau bugu. Ya ce in ya manne, sauraro yake yi har bugun ya zo wucewa ya hau, kamar motar haya. In motar ta tsaya nemansa, shi ke nan babu abin hawa.

Rigata ta dawo daga ɗinki. Shuɗiya. Ta yi mini kyau, ko ba wanda ya faɗa.

Laraba, 18 ga Oktoba

Gwajin coci. Hanyar ta fi barandarmu tsawo nesa ba kusa ba, ga ƙaton bakin ƙofa, irin wanda ƙafarsa ta tsana. Piyanon cocin yana fuskantar jama'a. Na roƙi Fada a juya shi ya kalli bango. Ya ɗaga gira amma ya sa aka juya.

Efraín ya ɗan manne a ƙofa, ya hau, ya iso. Ximena ta rungume shi tana dariya tana kuka, ta ce a mayar da kujerar inda aka aro ta. Na ji kamar in kaɗa kiɗan rawa a cikin coci.

Sai ta zo ta tsaya kusa da ni, ta kalli bangon da zan fuskanta. Ta ce, "Mama, ke nan ba za ki gan ni ina shigowa ba."

Na ce ai na ga rigar a wurin mai ɗinki. Ta ce ba ɗaya ba ne. Na ce na sani. Tun tana cikin zanin goyo nake hango ranar nan, ita a farar riga a hannun ubanta. Wilmer ya ce a kafa mini madubi a kan piyano. Na ce a'a da sauri, don na san kaina.

Juma'a, 20 ga Oktoba

Zan kashe Yaya Tulia. Bayan biki.

Ta zo taya mu shiri, ta ga takalmi a bakin gado, ta ce ba za a kunyata dangi da kukan ɓera a coci ba. Ta ɗaga shimfiɗar cikinsa ta zazzaga hoda, ta shafe shi da mai. Ta kawo mini tana murmushi wai ta yi mini gyara. Efraín ya sa ya taka. Shiru. Ya sake takawa. Shiru kamar kyanwa.

Na zauna a bakin gado. Ido na riga na bayar, yanzu kunne ma an karɓe. Mun karkaɗe hodar, mun goge, a banza. Da ta gane abin da ta yi sai ta fara kuka, ni na koma ina ba ta haƙuri.

Efraín ya ce, "Ba sai kin ji ni ba. Ni ne zan ji ki."

Lahadi, 22 ga Oktoba

Ƙafafuna sun kumbura, muryata ta dushe, gida kaca-kaca da furanni. Bari in rubuta kafin ya gauraye da labarin mutane.

Jiya a coci na zauna, bango a gabana, farin bango mai ɗan tsagewa a sama. Fada ya yi mini alama. Na ji an buɗe manyan ƙofofi, na ji jama'a sun miƙe. Na fara. Ƙasa, sama, sama.

Daga nan ban san komai ba. Babu takalmi, babu komai, sai tarin wani tsoho. Sai na fara jin ƙus-ƙus a baya, irin wanda mutane ke yi in abu ya faru. Wata ta ce wayyo a hankali. Duk jikina ya ce juya, ya faɗi, juya. Wuyana har ya fara tafiya da kansa. Na kafa ido a kan tsagewar bangon nan, na ce wa hannun hagu, kai dai tafi. Ya tafi. Dama tana rerawa a kansa, ban san ma ta yaya ba, hawaye na ɗiga a kan shuɗiyar rigata.

Ƙus-ƙus ya mutu. Ban san ko alheri ba ne ko akasinsa. Kiɗa ya fara hawa, ya hau, muka zo wurina. Na taɓa sautin saman a hankali fiye da yadda na taɓa yi, cocin ya yi tsit, kuma a cikin shirun nan na ji shi. Ɗan siriri, hoda ta shaƙe shi amma bai mutu ba. Ƙiiƙ. A kan bugu. Kusa da ni, ba can bakin ƙofa ba.

Ban san yadda na ƙarasa ba. Na dai ƙarasa, kuma ban ja ƙarshen ba, ban waiwaya ba sai da na ji Fada ya fara magana.

A wurin cin abinci Yaya Tulia ta ba ni labari. Wai ya daɗe a manne a bakin ƙofa, har Wilmer ya fara takowa, Ximena ta firgita. Wai ya rufe ido yana gyaɗa kai kaɗan-kaɗan, sai kawai ya ɗaga ƙafa ya taho, ya ratsa cocin nan kai a sama, tsofaffin abokan ɗaukarsa na share ido. Ta ce da na ga fuskarsa a ƙofar nan da na tsaya. Na ce da ban tsaya ba. Ta ce, "Ofelia." Na ce to, a miƙo mini naman.

Laraba, 8 ga Nuwamba

Gida shiru. Ximena ta turo bidiyon shigarta tun makon jiya, kullum sai ta tambaya ko na kalla. Zan kalla. Ba sauri nake ba.

Ɗan sanda yana kan piyano har yanzu. Aljihun teburin ne ya cika da mayafan biki, babu wurin mayar da shi.

Da safe Efraín ya daɗe a ɗaki yana sa riga, ni ina ba furanni ruwa, suna bukata. Ya fito maɓalli ɗaya ya hau gidan wani. Haka muka fita sayen pandebono. Hanyar gefen titi ta yi ƙunci, shi ya sa na shiga gaba, ina ɗan rera hannun hagun nan a hanci don kawai ya maƙale mini. Ban waiwaya ba. To, sau ɗaya, a kwana, mota nake dubawa.

Hodar ta gama fita. Tun ranar biki ya ƙi sa wani takalmin, duk titi ana jinmu. Na ji shi a bayana har ƙofar gidan burodi.